Bakaniken Ƙafar Giya

A bayan akori-kura aka kawo babur ɗin, an ɗaɗɗaure shi da igiya ta ko'ina kamar bijimin da za a kai kara. Ƙarti biyar suka taru kafin a sauko da shi, don nauyinsa ya haura kilo 400, wato ya fi Boxer uku in an haɗa su. Mai shi abokina ne. Ya taso daga Abuja da sassafe zai je Kano ɗaurin aure, ya wuce Kaduna lafiya, yana dab da Jaji ya sa ƙafa zai rage giya sai ya ji kamar ya taka auduga. Ƙafar giyar ta faɗi ƙasa, ba ta dawo ba. Babur ya maƙale a giya ta biyar. Da ƙyar ya lallaɓa ya gangara gefen titi ya kira ni, kuma tun daga nan har muka dawo Kaduna lissafi ɗaya yake yi: nawa ne kuɗin giyabos in an juya dala zuwa naira.

Bakaniken da muka je wurinsa dattijo ne, furfura ta fara cin gemunsa, kowa a layin Oga yake ce masa. Da Vespa ya koyi aiki, ya yi zamanin Honda Roadmaster, ya yi na Jincheng, sannan da masu hali suka fara shigo da manyan babura na tafiyar nesa ya koma kansu. Bai karɓi makulli ba, bai ce a tayar da inji ba. Ya jawo wani guntun benci ya zauna ta hagun babur ɗin, ya kama ƙafar giyar da yatsu biyu ya ɗaga ta, ya sake ta. Ya leƙa ƙarƙashi, ya zura hannu bayan murfin inji, ya zaro wata siririyar sanda mai kaurin biro, kanta ɗaya yana lilo.

"Alhaji, giyarka lafiyarta ƙalau," ya ce. "Saƙo ne ba ya isa gare ta."

Abokina ya ce, "Oga, ka duba da kyau fa. Ƙarar da na ji ba ta wasa ba ce."

Oga bai tanka ba. Ya sa filaya ya kama ɗan ƙarfen da ke jikin giyabos, ya ce wa yaronsa ya tura babur gaba kaɗan ya dawo da shi baya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas, giya ta sauko ɗaya bayan ɗaya har ta faɗa firi. Abin da ya hana mutum ɗaurin aure, ya sa aka ɗauko shatar mota, wata 'yar gwiwar ƙarfe ce da ba ta kai goriba ba.

Tun daga ranar nake ganin wannan ɓangare na kanikanci ya cancanci a yi masa rubutu na kansa. A ƙaramin babur irin na 'yan acaɓa, ƙafar giya a kan shaf ɗin da ya fito daga cikin inji take zaune kai tsaye. Ka taka, ciki ya ji. A manyan babura na doguwar tafiya kuwa, ƙafar mahayi tana wani wuri, giyabos yana wani wuri. An miƙa matakin gaba don mutum ya miƙe ƙafa ya yi awa biyar ko shida a kan hanya bai ƙage ba, giyabos kuma yana can baya, ƙarƙashin mazauni. Dole a sami 'yan aike a tsakani. A irin ƙirar Harley-Davidson, alal misali, takun mahayi yana bi ta ƙafar giya zuwa wani gajeren shaf da ke juyawa cikin bushin, daga nan zuwa wani ɗan hannu na ciki, zuwa sanda mai boljoyin a kowane kai, zuwa wani ɗan hannun na baya da ke maƙale da shaf ɗin giyabos. Sai a nan ne saƙon ke shiga ciki, inda wata ƙugiya ke juya wata 'yar ganga mai zane-zanen kwari a jikinta, kwarin kuma su tura cokulan da ke sauya giya. Kowace mahaɗa a cikin waɗannan tana iya sakin jiki. In kowace ta yi wasan da bai fi kaurin farce ba, kafin a tara su a kawo bakin ƙafar giya an sami tazarar da za ta cinye rabin takun mahayi.

Shi ya sa firi ne ke fara ɓacewa. A tsarin da kusan duk manyan babura ke bi, giya ta ɗaya a ƙasa take, sauran a sama, firi kuma yana tsakanin ta ɗaya da ta biyu, rabin taku ne kacal. Mai neman rabin taku da ƙarfe mai lilo kamar mai zura zare a allura ne cikin motar da ke kan hanyar burji. Amma a nan ne kuma ake gane bakaniken ƙwarai, domin kulocin da ba ya saki sosai shi ma yana ɓoye firi. Oga ya nuna mini yadda yake raba su. In inji yana kashe firi na samuwa cikin sauƙi, da an tayar kuma ya ɓace, to kuloci ne ke ja, ko an cika mai fiye da ƙima a ɗakin da kulocin yake. In kuwa ko inji na kashe ƙafar giyar tana yawo kafin ta kama wani abu, to a waje matsalar take. In an taka ta ƙi dawowa tsakiya alhali duk mahaɗun waje sumul suke, sai a fara zargin sifirin na ciki. Daga waje yake farawa ya shiga ciki, daga abin ɗari biyar zuwa abin dubu ɗari biyar. Wanda bai iya ba daga ciki yake farawa, saboda can ne kuɗin yake.

Wannan doguwar hanya da saƙo ke bi gado ce daga Amurka. Kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a Milwaukee a 1903, ya daɗe yana ƙera manyan baburansa da giyar hannu: sanda a gefen tanki, kuloci kuma a ƙafa. Sai a 1952 ya fito da giyar ƙafa a manyan baburan, kuma ko bayan haka akwai waɗanda suka ci gaba da neman tsohon tsarin, musamman 'yan sanda. Giyabos ɗin daban yake da inji, sarƙa ce ke haɗa su a cikin wani dogon murfi ta hagu, haka abin yake har gobe. Da giya ta sauko daga hannu zuwa ƙafa, giyabos bai matsa daga inda yake ba, sai dai aka canza hanyar 'yan aiken. A 1980 kamfanin ya fito da Tour Glide mai giya biyar, aka ɗora injin a kan roba don kada girgiza ta gajiyar da mahayi. Mahayi ya huta, amma sandar giya da notunanta suna jikin injin ne, duk rawar da yake yi da su yake yin ta. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan babur yana salo ya ga yadda injin ke karkarwa kamar mai masassara. Notin da ba a ɗaure daidai ba ba ya jimawa a irin wannan gida.

Akwai ma wani abin dariya a tarihin. Da can baburan Ingila irin su Triumph da Norton a dama suke da giya, birki a hagu, haka ma Sportster ta Harley-Davidson. Gwamnatin Amurka ta kafa doka cewa daga baburan 1975 giya ta koma hagu, birkin baya a dama, don kada wanda ya sauya babur ya taka giya yana nufin birki. Kamfanonin da ba su shirya sake ƙirar inji ba sai suka ratsa da ƙarfe ta ƙarƙashi daga wannan gefe zuwa wancan, suka ƙara mahaɗu a kan waɗanda ake fama da su. Sportster ta yi shekara biyu a haka kafin a gyara abin daga ciki.

Ita kuma ƙafar giya mai baki biyu, ɗaya na yatsu ɗaya na dunduniya, ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Honda ta sa ta a Super Cub tun 1958, kuma duk wanda ya hau roba-roba ko Boxer ya san daɗinta: ba sai ka sa saman ƙafa ka ɗago ƙarfe ba, don haka mai silifas ko mai takalmin zuwa ofis bai damu ba. A manyan baburan Amurka ma dalilin ke nan, ga kuma faffaɗan mataki da ƙafa ke shimfiɗe a kai. Sai dai dunduniya ba ta da tausayi. Yatsu suna ji, suna lallaɓawa. Dunduniya dukan nauyin cinya take saukewa. Oga ya ce da ya kalli bakin baya na ƙafar giya yana gane halin mai babur. Akwai masu taka ta kamar suna kashe kunama.

Inda wannan duka ke ƙarewa shi ne haƙora. Kan kowane shaf akwai wasu ƙananan haƙora a jere, cikin ramin ƙafar giya ma akwai irinsu, sai a tsaga ramin ta gefe a ratsa shi da bolti. In an ɗaure, ramin ya matse shaf, haƙora su shiga juna. Muddin a matse suke, shekaru za su yi ba abin da ya same su. Ranar da boltin ya ɗan saki, kowane taku sai haƙoran su gogi juna, yau kaɗan gobe kaɗan, har su zama sumul kamar dasashin tsohuwa. Mai babur yana jin alamar tun da wuri, ƙafar giya tana ɗan sauka ƙasa da inda ya saba, yana cewa sai na dawo daga tafiya. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

A lungun garejin akwai wani babur ɗan Japan da aka lulluɓe da tamfol, ƙura ta yi masa hula. Oga ya yaye tamfol ɗin ya nuna mini inda ƙafar giya ta haɗu da shaf: wani dunƙulen walda ne baƙi ƙirin, kamar an liƙa ƙanzo. Haƙoran sun cinye ne a hanya, mai shi ya tsaya wurin wani mai walda a bakin titi, aka narka ƙarfen biyu suka zama ɗaya, ya biya abin da bai taka kara ya karya ba, ya tafi yana murna. Zafin waldar ya dafa sil ɗin robar da ke bayan shaf, mai ya fara tsiyaya a kan takalminsa. Da aka zo canza sil, ƙafar giya ba ta fita, murfi ma ba ya fita, sai da aka yanke shaf ɗin da zarto. Yanzu wata na huɗu ke nan ana jiran sabon shaf daga waje. Gyaran gangar Auzinawa.

Ni dai ba na ganin laifin ɗan acaɓa in ya yi haka. Yana da balas ɗin da zai kai wa mai babur kafin magariba, shaf ɗin Boxer kuma yana nan a kowane shagon kayan gyara, daga Panteka har Sabon Garin Kano, ba tsada, bakanike zai canza shi kafin a sha shayi a tashi. Walda a wurinsa lissafi ne mai ma'ana. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ɗauko dabarar ƙaramin babur a ɗora wa wanda kayansa sai an yi oda, mai shi kuma ya tsaya yana kallo. Yawancin ɓarnar da Oga ke gyarawa ba hanya ce ta yi ta ba, hannun wani ne da ya riga shi taɓawa.

Shi ga yadda yake yi in haƙora sun fara ci amma ba su ƙare ba. Da farko yakan sa alama a kan shaf da jikin ƙafar giya don ya san inda take zaune. Baburan Japan da yawa ma suna zuwa da ɗan ɗigo a kan shaf saboda haka. Sai ya zare boltin gaba ɗaya, ba sassautawa kawai ba, domin boltin yana kwance ne a cikin wani kwari da aka zagaye shaf da shi, in yana ciki ƙafar giyar ba za ta fito ba ko za a kwana ana bugu. Yara da yawa a nan suke lalata haƙora, su sassauta bolti su kama dukan abu da guduma. Sai ya wanke haƙoran da fetur da burushin waya. In leɓɓan tsagar sun riga sun haɗe, ta yadda ko an ɗaure ba sauran wurin matsewa, sai ya sa zarto ya ɗan faɗaɗa tsagar. Sabon bolti mai tauri, ɗigon gam ɗin tiredi mai launin shuɗi, wanda ke hana noti kwancewa amma yana barin sifana ta kwance shi in an so, sannan ya ɗaure da sifana mai awo. Wannan sifanar a cikin akwati take, a kulle, ba yaron da ke taɓa ta sai yana tsaye.

Wanda ya fi ba shi tsoro shi ne ɗan hannun baya, na jikin giyabos. A irin ƙirar Amurkan nan yana ɓoye ne a bayan dogon murfin sarƙa. Ana iya zura sifana a ɗaure boltinsa, amma in haƙoransa suka ƙare, fitar da shi yakan buƙaci a juye mai, a cire murfin waje, a kwance kuloci da sarƙa, a cire murfin ciki, a sayi sababbin fakin da sil. Aikin yini guda saboda ƙarfen da bai fi tsawon yatsa ba. Don haka duk babur irin wannan da ya shigo garejinsa, ko faci ya kawo shi, sai Oga ya zura hannu ya girgiza wannan ɗan ƙarfen, kuma ba ya cajin ko sisi a kai.

Boljoyin da ya kunyata abokina kuwa ƙwallon ƙarfe ne a cikin ƙoƙo, an rufe shi da 'yar hular roba mai riƙe giris. Ƙasarmu ba ta raga wa irin wannan hula. Rana ta busar da ita ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris ta zama kamar garin wasa wuƙa, masu wankin mota kuma su zo da injin feshi su kore ɗan abin da ya rage. Ƙwallon yana raguwa, ƙoƙon yana faɗi, wata rana a rami ɗaya sai ya fice. Maganin da aka fi yarda da shi a ko'ina shi ne a sauya shi da irin gwiwar da bolti ke ratsa tsakiyarta, wadda Amurkawa ke kira Heim. Ita ko ta ci ta yi wasa ba ta rabuwa da sandar, za ta kai mutum gida. Oga yana samunsu a wurin masu sayar da boris na injinan masana'antu, sai dai tiredin baburan Amurka na inci ne, na kasuwarmu kuma yawanci na milimita, don haka wani lokacin sai ya kai sandar wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a yanka mata sabon tiredi, ko a ƙera wata sandar dungurungum. A wasu baburan kuma tiredin kai ɗaya na sandar bahago ne, don a iya tsawaita ta ko a rage ta ba tare da an cire ba. Yaron da bai san haka ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake har noti ya karye.

Matafiya suna da nasu dabarun na isa gari. A mayar da ƙwallon cikin ƙoƙonsa a naɗe da waya, ko da igiyar takalmi, ko da ɗaurin robar nan da masu wayarin ke amfani da shi. In ƙafar giya ta faɗi ta ɓace, a damƙe shaf da filaya mai kulle a riƙa taka ta. Wannan filayar wani maƙeri ne ɗan asalin Denmark mai suna William Petersen ya ƙirƙiro ta a ƙauyen DeWitt na jihar Nebraska, ya yi mata rajista a 1924, ita ce ake kira Vise-Grip. Tana cin haƙoran shaf, don haka Oga ya ce a sa ƙyalle ko guntun tiyub a tsakani, kuma daga nan sai gareji, ba sai Legas ba. In duk sun gagara, a sa babur a giya ta biyu ko ta uku da hannu, a tashi a hankali da kuloci, manyan injinan nan suna da ƙarfin ja daga ƙasa.

Sana'ar ba ta da cunkoso, kuma ba ta da tabbas. Manyan babura a garin ba su da yawa, masu su sun san juna, bakanike ɗaya ya ɓata aiki kafin dare labari ya zaga. Wani mako aiki ya yi yawa, musamman in mahaya suna shirin tafiyar ayari, wani makon sai ƙananan babura su ciyar da gida. Littattafan gyaran da Turanci suke, Oga bai yi boko mai zurfi ba, amma yana da su a waya, ya san inda lambobin awon ɗauri suke, hoton ma ya ishe shi. Yaransa uku, kuma abin da ya fi wahalar koya musu shi ne su ajiye guduma. Ya kuma san zamani na tafiya. Tun 2018 Honda take sayar da Gold Wing mai giya bakwai da ke sauya kanta, ba kuloci a hannu, ba ƙafar giya sam. Na tambaye shi ranar da irin wannan ya cika gari fa? Ya yi dariya ya ce kafin tokunbonsa ya iso Kaduna da yawa, shi ya koma gona.

La'asar ta yi kafin a gama da na abokina. An sa sababbin gwiwoyi biyu, an shafa wa bushin giris, an ɗaure ɗan hannun baya, wanda ashe shi ma ya fara saki. Abokina ya ɗora ƙafa zai hau, Oga ya tare shi.

"Alhaji, da wannan takalmin kake tuƙi?"

Silifas ɗin alwala ne a ƙafarsa. Ya buɗe akwatin gefe ya ciro manyan takalmansa na fata ya sa, ya zauna, ya shimfiɗa ƙafa a kan mataki yadda ya saba. Oga ya durƙusa ya duba tazarar da ke tsakanin bakin takalmin da ƙarfen, ya cire kan sandar ya juya shi zagaye biyu, ya mayar. Ya ce a gwada. Ya sake cirewa ya rage rabin zagaye, sannan ya ɗaure notin kulle. Abokina ya zaga layin ya dawo, ya tsaya, ya taɓa ƙarfen da yatsan ƙafa sau ɗaya, koriyar fitilar firi ta kama.

Kuɗin aikin da na kayan bai kai rabin abin da ya ba mai akori-kura ba. Ɗaurin aure dai an riga an shafa fatiha tun da hantsi, sai ya ce zai ƙarasa Kano ya yi musu Allah ya sanya alheri. Yana sa hular kwano Oga ya miƙa masa ɗaurin roba guda shida da guntuwar waya, ya ce ya jefa a akwatin gefe. Ƙaramin yaron garejin kuma ya tsinci tsohon boljoyin ɗin daga ƙasa, ya goge shi a jikin wandonsa, ya jefa cikin wani gwangwanin madara da ya kusa cika da irinsa.